Tutar da Auta bai sa wa suna ba

Ina cikin ɗinka wuyan wata riga ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar shagona, bai ko kashe moto ba. Ya yi sallama, ya tambaya ko ni ce yayar mai ordinatir, wato kwamfuta. Na ce ni ce. Ya ce jirgin da ya taso daga ƙetaren kogi da hantsi ya kife a tsakiyar ruwa, an ciro mutane, ƙanena yana cikin waɗanda aka kwantar aka rufe. Na yi salati. Na naɗe rigar mutane na ajiye don kada ta ɓaci, sannan na hau bayansa.

Auta muke ce masa. Batir ya je saye Malanbil, garin da ke ƙetaren kogi. A shekarar ne sojoji suka karɓi mulki, aka jibge kwantena a kan gada, aka yanke mana kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya. Rediyo ta ce iyaka a rufe take ruf. Mu a Gaya mun san abin da ruf take nufi: mota ba ta bi ta saman gada, mutum kuma yana bi ta gefenta cikin jirgi, shi da buhun albasa da akuya, masu kaki suna zaune a inuwa suna kallon wani gefe.

Auta ya yi karatun na'ura a Yamai. Da matarsa ta rasu ya dawo gida da ƴarsa ƙarama, wadda ba ta ko shiga lakwal ba, wato makaranta. Shagona yana da sola, shi ya sa ya kafa teburinsa a bayan labule, inda mata ke gwada kaya. Yarinyar kuma tana yini a ƙarƙashin teburin tana yi wa ƴartsana zane da ƙyalle.

Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na gaji da ganin mutum yana faɗa da gilashi, sai wata rana na ce ya gaya mini abin da yake yi. Ya jawo gwangwanin maɓallaina ya zube su a tebur.

Ya ce, "Yaya, kowace na'ura tana da ƙwaya a cikinta. Ita ke raba wa ayyuka wuri da lokaci. Aiki kuma yakan haifi wani aiki. In zai haifa, sai ya kira ƙwayar ya gaya mata abin da shi da ɗan za su yi tarayya a kai, da abin da kowa zai riƙe nasa. Da tutoci ake faɗa. Tuta a sama, an haɗa. Tuta a ƙasa, an raba."

Ya jera maɓallai. Wannan ɗaki ne, wato wurin ajiya. Wannan ƙofofin da uban ya riga ya buɗe. Wannan kunne ne, wato abin da za a yi in kiran gaggawa ya zo. Ya kife wasu, ya bar wasu a buɗe. Ya ce akwai doka biyu da yake so ƙwarai. Ta farko, ba a haɗa kunne sai an haɗa ɗaki, domin bayanin abin da za a yi in kira ya zo a cikin ɗakin yake. Ta biyu, in aka ɗaga wa ƙwayar tutar da ba ta san ma'anarta ba, ta ƙi karɓa nan take. In ta karɓa ta yi shiru, kowa zai tafi da tasa fahimtar, gobe kuma ba mai iya gyarawa.

Na ce, "To kai ina naka maɓallin?"

Ya ɗauko wani ja ya ajiye shi can gefe. Nasa na marayu ne. Ya ce in uban aiki ya mutu ya bar ɗa, ƙwayar takan miƙa ɗan ga aiki na farko, babban kowa. Shi kuwa babban kowa ba ya renon kowa, jira yake ɗan ya ƙare ya share wurin. Auta yana so a ƙara tuta ɗaya, wadda uba zai ɗaga tun ranar haihuwa ya ce, in na mutu wane ne zai riƙe.

Ba wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Da wasu mutane yake gardama, a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, duk lokacin da rezo, wato layin intanet, ta ga dama. Su kuma masu rowar tuta ne. Sun ce gurbin da ya rage kaɗan ne, kuma tuta in ta shiga ta shiga ke nan kamar tsagar fuska, don mutane za su gina ayyukansu a kanta. Suka aiko masa tambaya biyu. Wanda aka ce ya riƙe, ana neman yardarsa ko ɗora masa ake yi? In kuma shi ya riga mutuwa fa? Ya yi kwanaki yana juya maɓallin nan ja a hannu. Ko suna bai sa wa tutar ba, ya ce sai ya san halinta tukuna. Yana cikin shirya amsa batir ya mutu.

Watanni ya yi yana tanadi saboda marayun cikin na'ura. A kan ƴarsa, wadda ke wasa a jikin ƙafarsa, bai taɓa ce wa kowa komai ba. Ban ga laifinsa ba. Ko talatin bai kai ba, wa ke tunanin haka.

Bayan sadakar bakwai aka yi zaman dangi a zauren Baffa, ƙanen mahaifinmu. Baffa ya yi aikin gwamnati ya huta, kuma tun da sojoji suka hau yake kwana da rediyo a kunne, har maganarsa ta koma irin ta sanarwa. Babban yayanmu ma yana nan, direba ne, motarsa tana cikin layin da ya tsaya a bakin gada.

Baffa ya gyara murya ya ce, "La'akari da halin da ake ciki, kuma la'akari da zumunci, yarinya ta kowa ce."

Yaya ya ce, "Madalla. Ta kowa ce."

Aka shafa fatiha. Kowa ya tashi da sauƙin zuciya, don ba wanda ya ƙi marainiya, ba kuma wanda ya ɗauke ta.

Haka ta zama ta kowa. Ta karya kumallo a gidan Baffa, ta ci na rana a gidan Yaya, ta kwana inda magariba ta same ta. Wata rana ta ci tuwo sau uku, wata rana ko sau ɗaya, don kowane gida ya tabbata ta ci a ɗayan. Takalminta ƙafa ɗaya yana gidan Baffa, ɗaya yana gidan Yaya. Kitsonta ya tsufa, matan gida uku suna jin kunyar shiga aikin juna. Duk wanda ya gamu da ita a hanya sai ya shafa kanta ya ce Allah ya jiƙan mahaifinki.

Wata ranar kasuwa na tafi sayen zare na bar shago a buɗe. Da la'asar na dawo na ji numfashi a bayan labule. Tana kwance a ƙarƙashin teburin ubanta, jikinta kamar garwashi. Tun shekaranjiya take zazzaɓi. Gidan Baffa sun ɗauka tana gidan Yaya, gidan Yaya sun ɗauka tana wajena, ni kuma na ɗauka tana gidan Baffa. Na goya ta zuwa asibiti. Allah ya sa da sauran kwana.

Da ta warke na yi magana da mijina, ya ce in kawo ta, ɗaki ba ya ƙin yaro. Sai na roƙi a sake zama. Na tafi da gwangwanin maɓallai, na durƙusa na gaida Baffa, na zube su a tabarma.

Yaya ya ce, "Ke, caca za ki koya mana a gaban Baffa?"

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri ka duba. Wannan ci ne. Wannan kwana. Wannan lakwal. Wannan kunne, wato wanda zai ji ta in ta yi kuka. Kowa ya ɗauki wanda zai iya, a faɗa da baki a gaban kowa."

Baffa ya ce, "Ƴar nan, gidanmu ba na'ura ba ne."

Na ce, "Na sani, Baffa. Da na'ura ce, da ranar da aka ce ta kowa ce ta ƙi karɓa, don ba ta san ma'anarsa ba. Mu mun karɓa, kowa ya tafi da tasa."

Yaya ya yi dariya, ya ga Baffa bai yi ba, ya mayar da ita tari. Ya miƙa hannu ya ɗauki maɓallin lakwal, don ya san sai baɗi za a sa ta. Baffa ya ɗauki na ci. Na kwana da na kunne suka rage a tabarma.

Yaya ya ce, "Kin san ni kullum ina bakin gada ina gadin mota, kada a kwance mini taya."

Baffa kuwa ba a ko kalle shi ba. Kowa ya san ko rediyon sai ya manna ta a kunne yake ji.

Na ɗauki maɓallin kunne. Na ce, "To na ɗauka. Amma Auta ya ce ba a haɗa kunne sai an haɗa ɗaki. Ba zan ji kukanta daga wata unguwa ba. A ba ni kwanan ma, a ce tawa ce, kowa ya ji."

A nan aka tsaya. Baffa ya ce ni mace ce a gidan wani, jininsu ba zai tashi a gidan wani ba alhali maza suna raye. Na ce mazan suna raye ranar da ta kwana biyu da zazzaɓi. Yaya ya ce in iya bakina. Ban ajiye maɓallin ba.

Baffa ya daɗe yana kallon hannuna. Ina jin ya tuna ɗan ɗan'uwansa, don idonsa ya kawo ruwa, ya goge da hannun riga. Sannan ya gyara murya.

Ya ce, "La'akari da abin da ya faru, yarinya za ta zauna a wajenki na riƙon ƙwarya, har sai an sake sanarwa. An kafa kwamiti na mutum uku: ni, da yayanki, da ɗan'uwanku na Kwatano. In an buɗe gada ya zo, za a zauna a yanke."

Yaya ya ce, "Madalla."

A ranar na bi gida biyu na haɗa takalminta. Tun daga nan a ɗakina take kwana, a bayana. Ta yi ƙiba, ta fara koyon saka zare a allura. Amma in ta ji sallamar wani daga gidan Baffa sai ta bar abin da take yi ta zo ta tsaya a jikin kekena, ta ce, "Gwaggo, yau ne za a tafi da ni?" In ce mata ba yau ba ne. Ban iya ce mata ba za a taɓa tafiya da ita ba, don ba a ba ni wannan ba. Duk Juma'a in na je gaida Baffa nakan tambaya, ya ce ana nazari.

Ordinatir ɗin yana bayan labule, na lulluɓe shi da ragowar atamfa. Ban san yadda ake shiga ba, kuma ban san yadda zan gaya wa mutanen can cewa wanda suke jira ya amsa musu ya rasu ba. Maɓallin ja yana kan murfin inda ya bar shi.

Har yau kwamitin bai zauna ba, tutar Auta kuma ba ta da suna.