Malam Kalilu, Jagoran Baƙi a Bakin Tafki

Da an idar da sallar asuba, Malam Kalilu zai gangara bakin tafki. Ya duba sawun dabbobin da suka sha ruwa, ya tsince ledojin da baƙi suka zubar, ya kwarfe ruwan kwale-kwale, duk kafin motar farko ta iso. Mutumin Baure ne, aiki ya kai shi wannan gandun namun daji mai nisa tun yana saurayi. Yanzu gemu ya yi fari, a ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya dawo gida.

Duk ɗan ƙasar Daura da ya je kallon dabbobi can ya san shi. Da ya ji maganar gida sai ya washe baki: "Lale da mutanen Kusugu! An yi ruwa kuwa?"

Malama Haulatu, wadda ke koyarwa a Daura, ta ba ni labarin ranar da suka je da abokan aikinta. Suna tsakiyar tafki cikin kwale-kwalensa sai ga dorina ta taso dab da su, ɗanta na biye da ita. Mata suka ɗauki salati, wani malami ya miƙe zai faɗa ruwa. Malam Kalilu ya kashe inji, ya riƙe masa riga.

"Zauna, ɗan'uwa. Ba mu take nema ba, ɗanta take karewa. Kowa ya yi shiru."

Da filafili ya riƙa tuƙa kwale-kwalen baya a hankali har suka ba dorinar wuri. Haulatu ta ce da suka taka ƙasa, sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu sannu, har da tsokanar malamin: "Malam, ashe ka iya iyo?"

Kai ne, Malam Kalilu, a ƙofar ɗakinka ka yi jinyar barewar da tarko ya karya wa ƙafa, har ta warke ta koma daji. Kai ne ka zauna da makiyaya shekarar fari, aka ware wa shanunsu mashaya ba tare da an zare sanda ba. Kai ne Jatau na bakin ruwa, ba ka taɓa shiga hoton da ka ɗauki mutane ba.

Mun gode, baba. Allah ya sa ka huta lafiya cikin iyalinka. Masu tasowa kuma, duk wanda aka ba amanar rai, na mutum ko na dabba, ya je Baure ya tambayi yadda ake riƙe ta.