Yabon da Baba Ya Kasa Rubutawa

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai ya sa kowa ya sayi rediyo da babur, ina ƙaramin likita a wani asibiti wajajen Ƙanƙara. Burina guda ne, in samu gurbin koyon tiyata a asibitin koyarwa. Sharaɗinsu kuwa, babban likitan da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya rubuto wasiƙar shaida a kaina.

Manyan likitoci biyu gare ni. Akwai wani Ba'indiye mai faɗan tsiya, amma da bakinsa ya ce in zo ya rubuta mini. Akwai kuma Baba, aminin marigayi mahaifina, mutumin Faskari, wanda ya koya mini riƙon wuƙa da ɗinki.

Na je gida shawara. Mahaifiyata ko bari in ƙarasa ba ta yi ba.

"Kai wane irin yaro ne? Ka tsallake ubanka ka kai ma baƙo? In ya ji, da wane ido za ni dube shi?"

Ni ma da wayona na ce, wa zai yabe ni kamar wanda ya raine ni? Na manta Baba bai taɓa ko kiran sunana ba. Ni ne ɗan fari a wajen amininsa, kunyata yake ji. "Yaron nan" nake har a ɗakin tiyata.

Na je na roƙe shi, ya sa aka buga wasiƙar a tafireta, ya miƙo mini a buɗe. Wai ya san ni, ina zuwa aiki, bai taɓa jin abin assha a kaina ba. Iyakarta ke nan.

Na ce, "Baba, ko za a ɗan ƙara?"

Ya kawar da kai. "In ƙara mi? In zauna in yabi ɗana a takarda kamar maroƙi? Aikinka ya yabe ka."

To, aikin nawa ba ya shiga ambulan. Komawa wajen Ba'indiyen kuma cin fuska ne. Haka na aika, aka ɗauki wasu. Kafin in sake nema kuɗin gwamnati sun ja baya, gurabe sun ragu, aka tura ni garin Sabuwa. Iyali suka zo, maganar tiyata ta bi ruwa.

Ranar jana'izar Baba wani dattijo daga Sheme, ƙauyen su Baba a ƙasar Faskari, ya riƙe hannuna yana jujjuyawa.

"Kai ne likitan? Alhaji ya ishe mu da zancenka. Kullum cewa yake hannunka ya fi nashi."

Wallahi ban ji daɗi ba, gajiya kawai na ji ta sauko mini.

Yanzu in yara suka zo shawara, ce musu nake kada su nemi wanda ya fi son su, su nemi wanda bakinsa zai iya faɗa. Ban riƙe Baba a zuci ba, Allah ya jiƙansa. Sai dai abin da ya shekara yana gaya wa mutanen Sheme, layi ɗaya daga ciki na so ya sa mini a takarda.