Ranar da Fambel Ya Kama Hannun Baba

Babanmu bakanike ne, amma ba shi ya zaɓi aikin ba. Tun yana saurayi tuƙin manyan motoci yake so, irin masu yin sati biyu a hanya. Ya yi lasin, har wani kamfanin dakon kaya ya ce ya fara ranar Litinin. Ranar Asabar sai yayansa, wanda muke ce wa Baffa, ya yanke jiki ya faɗi a garejinsa, ɓarin jikinsa na hagu ya mutu. Kakarmu ta kira Baba ta ce, "Ka riƙe masa wurin zuwa ya tashi." Baba ya ce to. Baffa bai tashi ba. Yau shekara ashirin da shida ke nan.

Garejin rumfar kwano ce mai cin mota biyu, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe na kayan aiki. A bayanta akwai ɗaki, nan Baffa yake kwance, tagarsa na kallon rumfar. Matarsa ta yi shekara huɗu tana jinya, ta gaji ta tafi, ba wanda ya ga laifinta. Daga nan Baba ne mai juya shi, mai yi masa wanka, mai kai shi bayi. Shi ya sa da sauran makanikan layin suka koma sabon fili a bayan gari, inda motocin suke, shi bai bi su ba. Layin ya zama shiru, shaguna duk a garƙame.

Direbobi Allura suke ce masa, saboda hannunsa siriri ne, yana shiga lungun injin da na kowa ba ya shiga. Baffa kuwa, ko da harshensa ya yi nauyi, bai daina aiki ba. Daga kwance yake gyaran mota. Da ya ji ƙarar inji sai ya ɗaga murya ta taga ya ce, "Fulogi ne!" Baba ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da kwance abin da ya san shi ne ya lalace.

Ni a shagon sayar da magani nake aiki, kuma ni ke kai wa Baffa maganinsa duk mako. Ranar da abin ya faru na makara, sai wajen ƙarfe ɗaya na rana na shigo layin. Tun daga nesa na ji ana buga wani abu, kwal, kwal, kwal, a hankali kamar mai bugun ya gaji. Baffa ne yake dukan ƙarfen taga da kofin silba.

Motar gidan burodi ce a rumfar, bonet a buɗe, Baba ya sunkuya cikin injin. Na yi sallama. Bai ɗago ba, sai ya ce, "Uwata, ajiye jakar nan ki zo." Muryarsa ta dushe. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, har gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Ga abin da ya faru. Altaneta zai canza, abin nan mai cajin batir, dole sai ya cire fambel, wato doguwar igiyar robar nan da ke zagaye fuloli, ƙafafun ƙarfen da ke juyawa a gaban inji. Akwai wani ƙaramin fuli a kan hannun ƙarfe mai sifirin, su suna ce masa tenshina, shi ke danne bel ɗin ya ɗaure tamau. In za a cire, sai a kafa sifana a kan notinsa a ja, bel ya saki, a zame shi da ɗaya hannun, sannan a sassauta a hankali. Aikin minti biyu ne, Baba ya yi shi sau dubu. Ran nan kan notin ya ɗan cinye. Yana cikin zame bel ɗin sai sifanar ta kufce, sifirin ya koma da ƙarfinsa, bel ya matse yatsunsa biyu a jikin fuli. Sifanar ta faɗa ƙarƙashin mota. Wayarsa tana kan benci, taku huɗu daga inda yake. Tun kafin sha biyu yake tsaye a haka.

Na ga yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Na ce, "Baba, bari in ɗauko wuƙa in yanke shi."

Ya ce, "Bel ɗin mutane? Lafiyarsa ƙalau. Kar ki taɓa shi."

"Baba, hannunka fa!"

"Na ce kar ki taɓa. Shiga ƙarƙashi ki ɗauko min sifanar."

Na kwanta a cikin baƙin mai da fararen kayan aikina na jawo ta. Ya ce in bar wannan, in buɗe akwati in ɗauko soket mai lamba sha biyar da dogon hannunsa, da wani guntun bututu. Ya nuna min notin da haɓa. Na kafa, na zura bututun a kan hannun don ya ƙara tsawo.

Ya ce, "Ki tabbata ya zauna har ƙasa. In ya sake kufcewa, yatsun sun tafi."

Daga taga Baffa ya yi ihu, "Hagu! Ta ja hagu!"

Baba ya rufe ido ya ce, "To, Yaya." Sannan ƙasa-ƙasa ya ce min, "Dama za ki ja. Wajenki. A hankali, kuma kome kika ji kar ki saki."

Na ja. Ban taɓa sanin ɗan abu haka yana da wannan ƙarfin ba, kamar ina kokawa da ƙato. Na kafa gwiwa a jikin bamba na kwanta da nauyina duka. Sai na ga bel ya yi laushi. Baba ya sa hannun hagu ya zaro na dama kamar ba nasa ba, amma bai matsa ba. Sai da ya zame bel ɗin daga fulin, ya ce, "Yanzu sassauta, sannu sannu," sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya jingina da taya.

Kafin mu tafi asibiti ya ce sai ya leƙa Baffa. Muka same shi rabin jikinsa ya sauko daga gado, ya yi ta jan jiki zai fito, ya maƙale tsakanin gado da bango. Yana kuka kamar yaro. Ya ce, "Ina jin ka kana kira. Ina jin ka, na kasa." Ni da Baba, shi da hannu ɗaya, muka mai da shi kan katifa. Baffa ya riƙe masa riga ya ce, "Ni na zaunar da kai a nan. Da yanzu kana can kana tuƙin manyan motocinka." Baba ya gyara masa matashi ya ce, "Yaya, ka sha ruwa?"

A asibiti aka ce ɗan yatsa ɗaya ya karye, ɗayan kuma jijiyarsa ta taɓu. Har yau ba ya lanƙwasuwa. Tsofaffin abokan aikinsa suka zo dubiya, suka ce akwai rumfa a sabon filin, ya zo a zauna tare, ko ba komai in abu ya faru akwai mutane. Ya yi musu godiya. Da suka tafi Mama ta ce, "To me ka gani?" Ya ce, "In ina can, wa zai juya Yaya?" Mama ta tashi ta kwashe kofuna.

Kwana goma sha tara ya yi a gida, kullum ƙanena na kai shi wajen Baffa safe da yamma. Ran na ashirin ya buɗe rumfa. Na biya da rana na same shi zaune a benci, ya ɗora wani tsohon kafireton mota a cinya, yana koya wa hannunsa na hagu riƙe sukundireba. Sukundireban ya faɗi sau uku ina tsaye. Na sunkuya zan ɗauko masa, ya ce in bari.