Ranar da Mista Rao Ya Zo Neman Auren Matarsa

Har gobe ba zan manta da ranar da na zama gwaggon amarya a bakin aiki ba. A shekarata ta biyu ne a wani gidan kula da tsofaffi kusa da unguwar Cheetham Hill a nan ƙasar Turawa, lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya. Ku da kuka shigo kwanan nan kun san tsarin. Mu ƙanana mu ke wanka da ciyarwa, sama da mu akwai nas, sama da ita manaja, kuma ba ka sauya wa tsoho komai sai da izininsu.

Akwai wata tsohuwa, Madam Saroja, 'yar kudancin Indiya, da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Turancinta ya gudu kaf, sai yarenta na Telugu ya rage. Mijinta, Mista Rao, kullum sai ya hau bas ya zo, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Amma da ya turo ƙofar ɗakinta sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango tana ihu. Bayan tafiyarsa kuma ko shayi ba ta karɓa, har ta fara ramewa.

Manaja ta kira shi ofis, ina tsaye. Ta ce, "Mista Rao, ba da son raina ba, amma in ba a ga sauyi ba kafin zaman duba lafiyarta na ƙarshen wata, dole mu dakatar da ziyararka." Ba muguwa ba ce, a aikinmu lafiyar wanda ake kula da shi ce gaba da komai. Ya ce, "To da safe ina zan nufa?" Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali, wato finafinan barkwanci na yarensu da yake kawowa. Ni da na tashi a Fagge da kallon Indiya, ba na bukatar fassara. Labarin kusan ɗaya ne kullum: iyaye su haɗa, dangin saurayi su zo ganin yarinya, ta fito da tiren kofi kanta a ƙasa, saurayi ya ƙware don ruɗewa, a yi ta rigima har su so juna. Na lura duk sanda aka zo wurin tiren nan, Madam Saroja kan gyara zama, ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai. Irin jan mayafin da take yi wa mijinta ne sak, sai dai babu ihu.

Na same shi a kujerar baranda, inda yake zama don ya ji dariyarta daga nesa. Na ce, "Baba, anya tsoronka take ji? A wurinmu budurwa ba ta yarda baƙon namiji ya faɗo mata ɗaki ba kowa." Ya zuba min ido, ya ce, "Haka na fara ganinta, da tire a falon mahaifinta, gwaggonta na riƙe da ita. A ranta ta koma budurwa, ni kuma ina shigo mata kamar ɓarawo."

Shi ya kawo shawarar a sake shirya irin wancan zaman na ganin yarinya, ni kuma na kai wa nas da manaja. Suka amince da sharaɗi biyu: kada a yi mata ƙarya da baki, kuma da ta nuna damuwa a tsaya.

Ran nan ya zo cikin kwat, gashi a taje. Kafin ya shiga falo ya raɗa min cewa, "A fim akan ja yarinya gefe a tambaye ta ko ya yi mata. A namu mahaifinta ya amsa, ita ta yi murmushi kawai. Muka zauna lafiya, amma ban taɓa tambayarta ba. Yau idan ta ce a'a fa?"

Na ɗaura mata sari, zanen matan Indiya, da taimakon nas, na riƙe tiren ta ƙasa don kada ya zame, muka fito a hankali. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye masa kofin, ta zauna a gefena, tana satar kallonsa ta ƙasan mayafi. Ya sha, ya yi mata magana a hankali da yarensu, ta amsa da kalma ɗaya. Can ya dube ni ya gyaɗa kai. Na dafa hannunta, na nuna shi da haɓa, irin tambayar da ba ta bukatar yare.

Ta matso kunnena wai za ta yi raɗa, amma da yake ba ta ji sosai, falon duka sai da ya ji. Ni ban fahimci ko kalma ba. Sai na ga Mista Rao yana dariya, hawaye na zuba a kan kwat ɗinsa. Na ce, "Baba, me ta ce?" Ya ce, "Ta ce na yi mata tsufa, amma ina da fuskar mai haƙuri. Wai in dawo gobe ta ƙara dubawa."

Da rana ta cinye abincinta. Ba a dakatar da ziyarar ba. Amma kada ku ɗauka ta warke, domin washegari ta manta da komai, aka sake daga farko. Haka ya yi ta zuwa neman aurenta kowace safiya har cikin bazara, lokacin da ta rasu, kuma ko sau ɗaya ba ta kira sunansa ba.

Abin da na koya shi ne, tsohon da mantuwa ta kama ba a jawo shi zuwa inda kake, kai ne za ka bi shi inda ya tsaya, ka shiga da ladabin wurin. Ranar da ya zo kwashe kayanta na ce masa Allah ya ba shi haƙuri. Ya ce, "Kada ki tausaya min, 'yata. Na tambaye ta da kaina, kuma ba ta taɓa cewa a'a ba."