Bokitin Ɓeraye

Aikina a ɗakin gwaji a Azare shi ne ɗaure wa ɓeraye jijiyar hanta da zare, har jini ya taru, hanji ya lalace, dafi ya shiga jininsu, mu auna. Rannan Baba ya zo daga Katagum, tsargiyar da ya ɗauko wurin kamun kifi ta kumbura masa ciki. Ya daɗe yana kallon ɓerayen, cikinsu a kumbure kamar nasa.

"Su ma kogi suka shiga?"

"A'a, Baba, ni na yi musu."

"To, da me kuke warkar da su?"

Aiki ya sha mini kai, sai kawai na nuna masa bokitin gawarwakinsu. Ya ja riga ya rufe cikinsa. Bai ƙara tambayata komai ba har ya rasu.