Bulala Shida Saboda Buba

Ranar Alhamis ce, a ƙarshen watan Satumba na 1960, saura kwana biyu ƙasarmu ta samu 'yancin kai. An tashi daga makaranta, amma mu 'yan ƙwallo ba mu tafi gida ba, muna zaune a gindin ɗorawar da ke bakin fili, ƙasa da sauran laimar ruwan da aka yi da asuba. Malam Sule, malaminmu na wasanni, ya sa aka fito da allo aka jingina shi da itacen. Ya miƙo mini alli tunda ni ne kyaftin, ya ce in rubuta sunayen mutum goma sha ɗaya da za su buga wa makarantarmu wasan ranar Asabar. "Fara da gola," in ji shi, "rubuta Garba." Na ji idon kowa a ƙeyata. Sai na ɗaga hannu na rubuta Buba da manyan baƙaƙe, na danna har allin ya karye biyu.

Garba ɗan baffana ne, ya girme ni da shekara biyu, kuma gida ɗaya muka tashi a unguwar Ɗan Iya. Kwano ɗaya muke ci, tare muke jan guga a rijiyar tsakar gida kafin mu tafi makaranta, tare muke yanko wa ragon Kaka ciyawa a bayan ganuwa, ranar da babu karatu kuma mu bi Baffa gonarsa ta Gubi, mu yini muna cirar gyaɗa har bayanmu ya ƙage. Shi ya koya mini ƙwallo da tamaular tsumma a lungun gidanmu. Shekara biyu ke nan yana tsare wa makarantarmu gida. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, in ya buga ƙwallo daga gida sai ta sauka a tsakiyar fili, yara su yi ta ihu. Amma ni da nake baya kusa da shi na san abin da masu ihun ba su sani ba. Duk sanda ɗan gaba ya taho masa da gudu, Garba yakan rufe ido ya kau da fuska. Tun da aka ba shi farar singileti ta gola kuma, faɗuwa ƙasa ta zame masa aiki.

Buba kuwa bai fi wata biyar da zuwa makarantarmu ba. Daga wata ruga kusa da Zungur aka kawo shi wajen kawunsa mai sayar da fata, aka sa shi aji biyu ƙasa da namu. Siriri ne, gajere, kansa da ƙyar ya kai kafaɗar Garba. Hausarsa ba ta zauna ba, yakan ce wa mace "ya zo", yara su kwashe da dariya, shi ya sa bai cika magana ba. Na fara lura da shi wata rana da muke tsinkar goruba, manya suna jifa, ƙanana suna tsinta. Kowa yana jira ta faɗo ƙasa a yi wawa, shi kuwa tun tana sama ya riga ya je ya tsaya daidai inda za ta sauka, ya buɗe hannu. Washegari na sa shi tsakanin duwatsu biyun da muke yin gida da su, na ce manyan yara su buga masa. Babu ƙafar da ya ji tsoro, ko ta wa ce. Da na tambaye shi yadda yake gane inda za a buga, sai ya kira ni yaya da Fulatancinsa, ya ce, "Hamma Sale, ni ba ƙwallo nake kallo ba, ƙafar da mutum ya taka ƙasa da shi nake kallo."

Mako uku na yi ina auna su a raina, ban faɗa wa kowa ba. Ban ɓoye wa kaina aibin Buba ba. Bugunsa ba ya nisa, in ya buga daga gida ko rabin ɓangarenmu ba ta wucewa. Ba ya yi wa 'yan baya tsawa, ko da ya ga sun bar mutum shi kaɗai. Bai taɓa wasa a gaban taro ba, kuma babu wanda ya san abin da ihun jama'a zai yi wa yaron da ya saba da shirun daji. Duk na sa wannan a gefe guda. A ɗaya gefen na sa abu ɗaya tak: aikin gola shi ne ya hana ƙwallo shiga, kuma a cikin makon ukun nan ban ga rana ɗaya da Garba ya fi shi hanawa ba.

Malam Sule ya dubi allon, ya dube ni, ya ce in goge. Na ce, "Malam, ka gafarce ni, amma Buba ya fi shi." Ya ce ba ra'ayina ya tambaya ba, manyan gari za su zo kallo, ba zai sa ɗan mitsitsin yaro a gida a yi wa makaranta dariya ba. Na ce to a gwada su a gaban kowa, in ba haka ba a nemi wani kyaftin, ni ba zan buga ba. Ban san daga inda maganar ta fito ba, domin a zamaninmu yaro ba ya haɗa ido da malami balle ya musa masa. Ya sa aka karyo tsumagiyar tsamiya, na kama gwiwoyina, ya zuba mini shida masu kyau. Da ya gama ya sake cewa in goge. Hawaye na zuba, na mayar da hannuwana baya na riƙe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce gobe bayan la'asar kowa ya dawo fili.

Labari ya riga ni isa gida. Goggo, mahaifiyar Garba, tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta, na gaishe ta ta ƙi amsawa, sai dai ta ce wa iska, "Yau mun ga wanda ya fifita bare a kan jininsa." Da aka kawo tuwo Garba ya ɗebi nasa a murfin kwano ya koma zaure. Bayan magariba Baba ya kira ni, yana zaune a kan buzunsa. Na ɗauka wani dukan ne, sai ya tambaye ni abu biyu kawai: ko akwai wata rigima tsakanina da ɗan'uwana, na ce babu; ko na tabbata da abin da na faɗa, na ce na tabbata. Ya ce musun da na yi wa malami laifi ne, gobe in je in ba shi haƙuri. "Amma kada ka janye maganar," in ji shi, "in dai gaskiyarka ke nan."

Ranar Juma'a na ba Malam haƙuri, ya gyaɗa kai. Da la'asar ya zo sanye da takalmansa na ƙwallo masu ƙusa, waɗanda mu da muke buga wasa ba takalmi muke kallo kamar wani abin tsoro. Shi da kansa ya buga musu, goma-goma. Garba ya tare huɗu. Buba ya tare bakwai, ta ƙarshen ma Malam da gudu ya taho da ita kamar zai bi ta kansa, yaron ya faɗa ƙafafunsa ya rungume ƙwallon, ƙusa ta yanke shi a haɓa. Ya miƙe jini na ɗiga, ya miƙa wa Malam ƙwallon da hannu biyu. Malam ya juya ya ce wa Garba ya tuɓe singiletin. Sai da aka ƙulle ta a baya kafin ta zauna a jikin Buba.

Ranar Asabar da safe aka raba mana ƙananan tutoci kore da fari, muka yi maci, muka ci shinkafa. Da yamma muka kara da wata makaranta ta bayan gari, fili ya cika har kan itatuwa. Yaransu manya ne, wasu da gemu ya fara tsiro musu, suka danne mu a gida tun daga busa usur. Buba ya tare ta sama, ya tare ta ƙasa, ya fito ya cafke bugun kwana a tsakanin kawunan da suka fi shi tsawo. Aka ba su fenariti, ya faɗi dama ya ture ta waje, mutanen da suka yi dariya da ganin shigowarsa suka koma kiran sunansa. Sai dab da tashi abin da na sani ya faru. Ya buga daga gida, ƙwallon ta tsaya a ƙafar ɗan gabansu, kafin mu juyo ta shiga. Da ɗaya da nema aka cinye mu.

A hanyar gida aka yi mini caa. Wasu suka ce da Garba ne da bugun ya wuce tsakiya. Na tsaya a tsakiyar hanya na ce haka ne, da Garba ne da wannan ba ta shiga ba, amma da biyar sun shiga kafin ita, duk wanda ya musa ya zo mu ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya zo. Buba yana bayana yana kuka a hankali, na ce ya share fuskarsa, Litinin akwai atisaye.

Garba bai ƙara taka ƙwallo ba. Mun koma cin kwano ɗaya bayan an gama girbin dawa, amma har ya rasu, mun yi jikoki, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba, domin ban yi ba. Buba ya tsare mana gida shekara guda, sannan iyayensa suka tashi da shanunsu zuwa kudu suka tafi da shi. Ban sake jin labarinsa ba.

Yanzu filin nan shaguna ne, gonar Baffa ta Gubi ma ba na iya gane inda take tun da aka yi madatsar ruwa. Jikokina sukan dawo daga gidan kallo suna gardama har jijiyar wuya ta tashi a kan wanda ya kamata a fara da shi a wata ƙungiyar Turai, mutanen da ba su taɓa gani ido da ido ba, kuma komai suka faɗa ba abin da zai same su. Nakan saurare su kawai. Mu a lokacinmu wanda ka ce bai cancanta ba, da shi za ka wanke hannu ku ci tuwo.