Ranar da Kububuwa ta Sari Baba Yohanna

Cikin shekarun da na yi ina aikin jinya a ƙaramin asibitin ikilisiya kusa da Dayi, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin cirar auduga ne. Da hantsi aka kawo wani manomi, Baba Yohanna, a kan babur. Kububuwa ta sare shi a gona.

Ku da kuka fara aiki kwanan nan, ku sani dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi. Ƙa'ida ita ce a ɗebi jinin a kwalba, a ajiye, a duba. Nasa ya ƙi daskarewa, ga dasashinsa ya fara jini. Ba mu da allurar maganin dafin, dole sai babban asibiti a Malumfashi.

Matarsa, Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, ta tare ƙofa. Ta ce, "Sista, ba inda za shi. Mun roƙi Yesu ya warkar da shi. In muka kai shi wani wuri, mun nuna ba mu gaskata ba."

Na ga gardama ɓata lokaci ce, sai na aika aka kira faston ikilisiyarsu. Ya zo ya tsaya gabanta.

"Mama, da kika roƙi ruwa da damina, ajiye fartanya kika yi?"

"A'a, Baba Fasto."

"To, mun roƙa, mun kuma gaskata ya ji. Amma ba mu za mu zaɓa wa Ubangiji hanyar amsawa ba. Shiga motar asibiti, riƙe hannun mijinki, kada ki daina addu'a."

Ta dube ni, ta kauce daga ƙofar.

A hanya ina riƙe da ledar ƙarin ruwa, ita tana addu'a da ƙarfi. Direbanmu Malam Sani, Musulmi, yana tuƙi yana amsawa da amin. Muna isa aka yi allurar. Bayan wasu sa'o'i, da likita ya sake gwada jinin, ya ɗaga kwalbar ya kife ta, ko ɗigo bai zuba ba. Mama Rifkatu ta durƙusa nan tsakiyar ɗaki ta rangaɗa guɗa.

Kafin Kirsimeti, Baba Yohanna ya shigo coci sujada da ƙafarsa, matan zumunta na biye da shi da kiɗa da waƙa.

Tun daga ranar na gane cewa a aikinmu ba a kokawa da bangaskiyar mutane. Ita ke riƙe su in tsoro ya zo. Namu shi ne mu nuna musu hanyar asibiti, mu tafi tare.